Layar da Ban Ɗaura Ba

A shekarun da nake koyar da kimiyya a wata sakandare a Isa, kullum daga gidanmu na Sabon Birni nake zuwa in koma. Lokacin hanya ba ta zama abin tsoro kamar yadda ta zama daga baya ba. Abin da mutum ke fargaba bai wuce ramuka da shanu da 'yan kabu-kabu ba. Ina da wata ƙaramar mota 'yar Kwatano, ruwan toka, wadda direbobin tasha suka raina tun ranar da na shigo da ita gari. Duk wanda ya zo wucewa sai ya ƙwanƙwasa mata ɗan yatsa, ya saurari ƙarar, ya girgiza kai. A wurinsu mota ita ce wadda ƙato zai jingina da ita ba ta motsa ba, tawa kuwa ko akuya ta hau bonet sai ta bar shaida.

Sun kuma sa ni gaba a kan bel, wai ni kaɗai ne a garin ke ɗaure kansa a kujera kamar ragon da za a kai kasuwa. Ni ma ban iya shiru ba, haka Allah ya yi ni. Duk wanda ya faɗa mini ɗaya sai na mayar masa da biyu, muka saba a haka.

Mahaifina malamin zaure ne, mu 'ya'yansa ma Malam muke ce masa. Ɗalibansa magidanta ne, manoma da 'yan kasuwa, suna zuwa da littattafansu bayan asuba da bayan la'asar. Abu ɗaya aka san shi da shi daga Sabon Birni har ƙauyukan bakin iyaka: ba ya rubuta laya, ba ya ɗinka guru, ba ya ba da kambu. Wanda ya zo neman tsari sai ya koya masa addu'a ya sallame shi. Wannan hali ya hana shi samun abin duniya, ya kuma ja masa baƙin jini wurin wasu malamai 'yan uwansa, amma shi ne sunansa a gari, ba shi da wani abin da ya tara wanda ya wuce shi.

Ranar da abin ya faru damina ta yi nisa, gero ya fara fid da kai. Na taso daga makaranta bayan azahar, ba gudu nake na a-zo-a-gani ba. Kwatsam wani mai babur ɗauke da buhuna, da alama daga kasuwar Bafarawa ya yanko, ya faɗo titi daga wata hanyar daji bai duba gabas bai duba yamma ba. Na kauce masa, taya ta hau laka, sitiyari ya ƙwace. Abin da na gani na ƙarshe shi ne wani gawo a bakin hanya yana ta ƙara girma a gabana.

Da ƙarar ta lafa sai na ji shiru, in ban da tururi da ke huci a gaban motar. Na motsa ƙafafuna, suka motsa. Na kwance bel, na ja marfin ƙofa, ta buɗe sumul kamar a ƙofar gidanmu na tsaya. Na fito, na mayar da ita na rufe. Wannan rufewar ita ce mafarin komai. Ni mutum ne da ba ya iya barin ƙofa a buɗe, matata ta sha cewa ko gobara ake yi sai na tsaya na ja ƙyaure. Na taka na shiga gonar da ke gefe ban san inda za ni ba, har na je na zube a gindin wata bishiya can cikin gero, ƙirjina yana zafi.

Waɗanda suka fara isowa 'yan kasuwa ne a cikin wata a-kori-kura. Ina hango su ta tsakanin karan gero suka diro suna salati, suka leƙa ta gilashi, ba kowa a kujera, ƙofa kuma a rufe. Suka duba baya, suka duba ƙarƙashi. Sai da na tattaro murya na ce, “Ga ni nan,” sannan suka juyo gaba ɗaya. Na taso na nufo su da hulata a kai. Direban ya dube ni, ya dubi motar, ya sake dubana. A lokacin na ɗauka tausayi ne na gani a idonsa.

Gaskiya duk wanda ya ga gaban motar nan ba zai sa wa mai ita rai ba. Bonet ya tattare har kusa da gilashi kamar tabarmar da aka tura da ƙafa, fitilu sun shige ciki, inji ya sunkuya ƙasa. Amma daga gilashi zuwa baya ko lanƙwasa babu. Balan-balan ɗin sitiyari mai tare direba in an yi karo ma babu shi, tun kafin motar ta zo hannuna aka kwashe. Aka jawo ta Sabon Birni aka ajiye a bakin tasha wurin masu gyaran jikin mota, gari kuwa ya yi ta zuwa kallo kamar an kawo kura.

Kwanakin farko barka da arziki aka yi ta zuwa yi mini. Sai na lura masu gaisuwar suna riƙe hannuna ya fi ƙima. Wani ya dafa mini dantse ya ɗan matsa, wani cikin wasa ya kai mini duka a ƙugu. Ban kawo komai a raina ba sai da matata ta zaunar da ni.

“Kai ɗai na ba ka jiya ba,” in ji ta. “Mutane na hwaɗin ba ka cikin motag ga sa'ad da tad daki icce. Wai ɓacewa kay yi, anka ishe ƙohwa ruhe, kai ko kana cikin gona zaune.”

Na yi dariya har zafin ƙirjina ya tashi. Kowa a ƙasarmu ya san labarin layar ɓacewa, wadda ake cewa tana ɗauke direba daga mota kafin ta daki abu, a tsince shi a gefe lafiya lau, fasinjoji kuwa su ji a jikinsu. Tun muna yara muke jin wane yana da ita, wane ya gada wurin kakansa. Ban taɓa zaton za a wayi gari ni ne wanen ba.

Na daina dariyar da ta ƙarasa maganar. Ba ni ake zance ba, Malam ake zance. Wai gidan da aka shekara ana ce wa mutane laya ba kyau, ashe mai kyaun aka ɓoye wa ɗan gida. Kunya ta rufe ni, irin wadda mutum ke ji ya ja wa ubansa zagi yana zaune a ɗakinsa bai ci ba bai sha ba.

Washegari na wuce tasha da zafina. Na ce ai wannan aikina ne, abin da nake koya wa yara ke nan, ba zai gagare ni in koya wa iyayensu ba. Na tarar da direbobi a inuwar ɗurumi tare da ciyaman ɗinsu, wani dattijo mai ɗingishi wanda ya fi kowa daɗewa a hanyar. Na ja su har gaban motar. Na nuna musu cewa ƙarfen gaban nan ba rauni ya sa ya naɗe ba. Falle ne marar kauri amma mai ƙarfin gaske, an matse shi da ƙwarya-ƙwarya da gangan don in an yi karo ya riƙa naɗewa gaɓa bayan gaɓa, kowace naɗewa tana shanye wani abu daga ƙarfin dukan kafin ya iso ga mutum. Na nuna musu ginshiƙan ƙofa da rufi, na ce waɗannan kuma wani ƙarfe ne da aka yi don kada ya ba da kai ko kaɗan, shi ya sa ƙofa ta buɗe. Na ce wanda ya diro daga katanga a kan tarin yashi da wanda ya diro a kan dakali ba ɗaya ba ne. Allah ne ya tsare, amma ga sababin nan a gabansu. Har gwangwanin madara na tsinta na taka da ƙafa don su ga yadda yake naɗewa.

Suka saurare ni tsaf, don mutanenmu ba sa katse malami. Da na gama ciyaman ya gyara tsayuwa.

“Tica,” ya ce, don haka suke kirana, “mu hwa mun tsuhwa bisa hanyag ga. Mota in tat tattare haka, gawa aka hiddawa. Kai ko hullakka ba ta hwaɗi ba. Yanzu kuma ka ce muna gwangwani ya hi ƙarhe? Ni da kaka gani na taɓa dukan kuka da mota, motar da aka ce ma mota, hitila ɗai taf fashe.”

“Hitila ɗai?” na ce. “Ƙahwakka hwa, mi yas same ta?”

Gaskiya na faɗa, motarsa ta fita lafiya, shi ne ya shanye dukan. Amma dattijo ne sa'an mahaifina, kuma a gaban yaransa na faɗa. Ya dube ni, ya juya ya ɗingisa ya koma inuwa. Na je gyara sunan gidanmu na dawo na ƙara masa rashin ladabi. Kafin la'asar an ce ɗan Malam ya je tasha yana borin kunya, har da taka gwangwani.

Daga nan zauren Malam ya canza. Wasu daga cikin tsofaffin ɗalibai suka fara fashi, waɗanda ba su taɓa buɗe littafi ba kuma suka fara sallama, wani da goro, wani da zakara a hammata. Kowa ya durƙusa ya yi ƙasa da murya. Malam ya ba su amsar da ya saba bayarwa, su tashi suna murmushin na-gane, wato dai ba a kai ga farashin ba. Wani malami na ƙetaren kasuwa, wanda ke rubuta layu a fili, aka ce ya aiko da gaisuwa yana yi wa Malam maraba da shigowa sahu.

Wadda ta fi tsaya mini a rai wata tsohuwa ce daga wajen Tozai. Ina bayan katangar zaure zan shiga gida na ji muryarta, na tsaya.

“Mallam, ɗana guda na, shi ka ci da mu da kabu-kabu. Kullum in yah hita raina na bisa hanya. Abin da kab ba naka, don Allah ka ba nawa.”

“Baiwar Allah,” in ji Malam, “wallahi ban ba shi komi ba.”

Sai ta ce, ba da gatse ba, tambaya ce ta tsakani da Allah, “Tau wa yab ba shi?”

Na kasa kunne in ji abin da zai ce. Bai ce komai ba.

Wani zai ce me ya hana in shiga in zauna da mahaifina mu yi magana. Ni ɗan fari ne. A gidanmu, kamar gidaje da yawa a ƙasar Gobir, uba ba ya kiran sunan ɗansa na fari, ba ya hira da shi, ba ya ma tsayar da ido a kansa. Ƙannena su zauna kusa da shi su yi ta zuba, ni kuwa gaisuwa ce daga bakin ƙofa, ya amsa yana kallon littafi. In zai aike ni sai ya ce a gaya wa wancan. Ko ranar hatsarin da aka kawo ni gida, abin da na samu shi ne “Sannu” guda ɗaya, ita ma bango ya yi wa. Ban taɓa jin haushin haka ba, da shi na tashi. Amma a kwanakin nan na so a ce akwai hanyar da zan bi in ji abin da ke ransa. Inna, mahaifiyata, ta ce mini tuwonsa yana dawowa kusan yadda aka kai shi.

Wata la'asar ƙanena ya same ni a ɗaki ya ce Malam na kira. Na zura babbar riga na fita. Zauren cike yake: ciyaman da direbobinsa a gefe ɗaya, sauran ɗaliban da ba su gudu ba a ɗaya gefen, ga wasu a tsaye a bakin ƙofa. Ashe tawaga suka yo, a hukumance, suna roƙon Malam ya taimaki 'yan tasha baki ɗaya. Na durƙusa na gaida kowa, na sunkuyar da kai.

Malam ya yi gyaran murya. “Mutanen ga sun taho roƙon abin da ba ni da shi. Na rantse musu, sun ce ba su ƙaryata ni ba. Amma na ga rantsuwa ba ta isa ba.” Sannan ya ce da ni, “Tashi tsaye. Tuɓe rigakka.”

Na ɗauka kunnena ne. Ina da mata, ina da 'ya'ya, gemuna ya fara furfura. A cikin zauren nan akwai iyayen yaran da nake tsayawa gabansu da alli. Tun da na yi wayo mahaifina bai taɓa ganin ko singiletina ba. Na ɗago in roƙe shi da ido, sai na ga abin da ban taɓa gani ba: kallona yake yi, kai tsaye.

Na cire babbar riga na ajiye. Ya ce, “Da taguwa.” Na cire. Ya ce, “Da ta ciki.” Na cire singileti, na tsaya daga ni sai wando, ga tumbi a waje, ga gumi yana bin bayana. Ya ce in ɗaga hannuwa, na ɗaga. Ya ce in sassauta mazagi su ga ƙugu, na sassauta ina riƙe da wandon da hannu ɗaya kada ya zame. Ya ce in juya, na juya. Ya sa ƙanena ya karɓi hulata ya birkice ta, ya bi ɗinkin rigunan da yatsa. Na so ƙasa ta tsage in shige. Na sha jin mutane na faɗin haka, ranar na san ba ƙari suke yi ba.

Ba laya, ba guru, ba kambu. Amma akwai abin da ni kaina na manta da shi saboda tsabar kunya. Daga kafaɗata ta hagu, ya ratsa ƙirji ya gangara har ƙugun dama, ga wani shati mai faɗi, ya yi baƙi ya fara komawa ruwan ɗorawa a gefe-gefe. Ba wanda ya san da shi sai matata, don ina ta cika baki a gari cewa ko ƙwarzane ban yi ba.

Ciyaman ya dafa ƙasa ya tashi, ya ɗingiso har gabana. Ya daɗe yana duban shatin. Mutumin da na ci wa fuska a gaban yaransa ke nan, na jira ya rama.

“Wanga shatin bel na,” ya ce. Ya juya ga mutanensa. “Shina ciki. Wallahi shina ciki sa'ad da tad daka. Wanda yaɓ ɓace bel ba ya kama shi.” Sannan ya ɗauki singiletina daga ƙasa ya miƙo mini. “Sa rigakka, Tica.”

Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Suka yi wa Malam sallama suka fara fita ɗaya bayan ɗaya, ba mai duban inda nake. Ba duka suka gamsu ba, a bakin ƙofa na ji wani yana raɗa wa na kusa da shi cewa halan ta sha ce, ba ta ɗaurawa ba. Irin waɗannan ko fatata na saɓule musu ba za su yarda ba.

Zaure ya rage daga ni sai Malam. Ina sa kaya, kunyar ta fara juyewa tana zama fushi. Abin da ke cina ba tuɓewar ba ce. Lokacin da nake juyawa a gabansu na lura duk zauren ba wanda ya bi dantsena da ƙuguna da ido kamar Malam, kuma da aka ga ba komai na ji ya sauke ajiyar zuciya. Ba don mutane kaɗai ya sa ni tuɓewa ba. Sai na yi abin da ban taɓa yi ba tun da aka haife ni, na yi wa mahaifina tambaya.

“Mallam, ashe har kai ka zaci na ɗaura?”

Ya ci gaba da tattara littattafansa yana jera su. Na ɗauka ba zai amsa ba, har na ɗauki hulata.

“Na tahi na ga motag ga,” ya ce. “Randa anka kawo ta, da sassahe, ban gaya ma kowa ba. Na tsaya gabanta. Na so in zagaya in ga wurin da kaz zamna, ƙahwahuna sunka ƙiya. Nid dawo gida.” Ya ajiye littafin da ke hannunsa. “Tun rannan in na ruhe ido ita nika gani. Na rasa ta inda ɗana yah hito da rai.”

Ɗana. Ban taɓa jin kalmar a bakinsa a kaina ba. Duk kwanakin nan ina ta hanƙoron suna, nawa da nasa, ina yawo da bayanin ƙarfe daga tasha zuwa majalisa, ban taɓa tunanin tsohon nan ya je shi kaɗai ya tsaya gaban abin da ya kusa cinye masa ɗa ba. Gaban kawai ya gani, kuma ba wanda ya kama hannunsa ya zagaya da shi ya nuna masa kujerar. Kunyar da na ji a lokacin ta fi ta tsayuwa ba riga.

Na buɗe baki in yi masa bayanin yadda ƙarfen yake naɗewa, na ji ba zan iya ba. Shi ma ya riga ya mayar da idonsa kan littafi. Ba tare da ya ɗago ba ya ce in gyara rigata kafin in fita, a bai-bai na sa ta.